Karen Pug: Yadda ake gane mai kiwon kirki da gidan ceto nagari

Pug ƙaramin kare ne mai gajeriyar fuska da manyan idanu da murɗaɗɗiyar wutsiya, wanda nauyinsa kan kai kilo 6 zuwa 8. Asalinsa ƙasar Sin ne, kuma ya isa Turai a ƙarni na 16, inda ya samu karɓuwa a gidan sarautar Holan, daga baya kuma a fadar Sarauniya Victoria ta Ingila. A yau yana cikin karnukan gida da ake tsada da su a Turai da Amurka, kuma wannan farin jini ne ya jawo masu neman kuɗi ido rufe cikin sana'ar kiwonsa.

Lafiyar Pug

Siffar da ta sa ake son Pug ita ce tushen wahalarsa. Gajartar ƙashin fuskarsa kan matse kafofin hanci da maƙogwaro, har numfashi ya yi masa wuya. Likitocin dabbobi na kiran wannan larura BOAS, kuma minsharin da wasu ke ɗauka abin dariya yana daga cikin alamunta.

Wani bincike da Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Royal Veterinary College da ke Landan ta fitar a 2022 ya kwatanta karnukan Pug 4,308 da wasu karnuka 21,835. Ya gano cewa Pug ya ninka sauran kusan sau 54 wajen haɗarin kamuwa da wannan matsalar numfashi. Wani binciken kwalejin na shekarar ya sanya matsakaicin tsawon ransa a Birtaniya ƙasa da shekara 8, alhali nau'in Jack Russell kan haura shekara 12. Bayan numfashi, akwai gyambon ido, da ƙaiƙayi a ninkin fatar fuska, da nakasar ƙashin baya, da kumburin ƙwaƙwalwa da ake kira PDE. Da yawa daga cikin waɗannan gado ne, shi ya sa sanin iyayen kwikwiyo ya fi komai muhimmanci.

Alamun mai kiwon kirki

Abu na farko shi ne takardun gwajin lafiya. A 2019 ƙungiyar Kennel Club ta Birtaniya da Jami'ar Cambridge suka ƙaddamar da tsarin auna numfashin Pug da wasu nau'o'i biyu masu irin fuskarsa. Likita kan saurari numfashin kare kafin da kuma bayan ɗan motsa jiki na minti uku, sannan ya ba shi maki daga 0 zuwa 3. Karen da ya samu 3 ba a yarda a yi barbara da shi ba. Ana fara gwajin daga wata 12, a kuma maimaita bayan kowace shekara biyu. Mai kiwo na gaskiya zai nuna sakamakon uba da uwa ba tare da an matsa masa ba, tare da na gwajin ido da na ƙwayoyin gado na PDE.

Abu na biyu shi ne ganin kwikwiyo tare da uwarsa a gidan da aka haife shi. A nan mai saye zai lura ko kafofin hancin uwar a buɗe suke, ko tana haki alhali a zaune take, da kuma tsabtar wurin.

Abu na uku, mai kiwon kirki ba ya gaggawa. Ba ya raba kwikwiyo da uwarsa kafin mako 8, yana miƙa takardar riga-kafi da ta maganin tsutsar ciki, yana yi wa mai saye tambayoyi kan gidansa da lokacinsa, kuma yakan yi alkawarin karɓar karen idan riƙo ya gagara.

Akasin haka, wanda ke neman a haɗu a tasha ko bakin titi, ko ya ce uwar ba ta nan, ko yake da kwikwiyo iri-iri a kowane lokaci, ko ya nemi a tura kuɗi kafin a ga dabbar, abin zargi ne. Haka ma masu tallar launuka da suke cewa ba kasafai ake samu ba domin su ƙara farashi.

Abin da doka ta ce

A Ingila, dokar da ake kira Dokar Lucy ta fara aiki ranar 6 ga Afrilu, 2020. Ta haramta wa dillalai da shaguna sayar da kwikwiyon da bai kai wata 6 ba, don haka dole a je wurin mai kiwo kai tsaye ko gidan ceto. Tun 2016 kuma wajibi ne a dasa wa kare 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata kafin ya wuce mako 8. Holan ta fi tsanantawa, domin tun 2019 take aiwatar da ƙa'idar hana hayayyafar karen da tsawon hancinsa bai kai kashi ɗaya cikin uku na kansa ba.

Gidajen ceto

Hanya ta biyu ita ce karɓar karen da aka yasar ko aka miƙa. A Birtaniya akwai Dogs Trust da RSPCA da Battersea, sai PDWRA da ta keɓanta da Pug kaɗai. Gidan ceto nagari yana da rajista, likita na duba dabbobinsa, yana bayyana cutar kare da halinsa ba ɓoye-ɓoye, yana kuma binciken gidan mai karɓa. Kuɗin da yake karɓa na ɗawainiya ne, bai kai farashin kasuwa ba. Galibin karnukan sun girma, saboda haka ana ganin yanayin numfashinsu tun kafin a yanke shawara.

Batun zafi

Kare na sanyaya jikinsa ne ta hanyar haki, Pug kuwa bai iya wannan sosai ba. Shi ya sa kamfanonin jiragen sama da dama ba sa ɗaukarsa a ɓangaren kaya. Ga mai niyyar ajiye shi a garuruwa irin Sakkwato da Maiduguri, inda zafin bazara kan haura digiri 40, wajibi ne ya tanadi wuri mai sanyi da ruwa a kowane lokaci, ya tuntuɓi likitan dabbobi kafin ya biya kuɗi, ya kuma tabbatar an yi wa karen riga-kafin ciwon hauka.