Gishirin da Harshe Ba Ya Ji: Burodi da Mai Ciwon Ƙoda a Kankiya da Kusada

Shawarar da aka daɗe ana bai wa masu ciwon ƙoda, wadda ta taso daga asibitocin Turai da Amurka, ita ce su ci farin burodi su guji hatsi mai dusa, saboda fosforas da fotasiyam sun fi taruwa a dusar, ƙodar da ta raunana kuwa ba ta iya fitar da su. Idan aka kawo wannan shawara Kankiya ko Kusada yadda take, majinyaci zai bar tuwon gero da na dawa ya koma teburin mai shayi. A ganina, wannan kuskure ne da zai iya gaggauta kai shi ga wankin ƙoda.

Babbar illar burodi tana cikin gishirinsa. Masu gashi kan zuba abin da ya kusa kashi 2 cikin 100 na nauyin fulawa, sukari kuma ya danne ɗanɗanonsa har mai ci bai ankara ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, ƙa'idojin ƙungiyar masana ƙoda ta duniya, KDIGO, na 2024 ma a nan suka tsaya game da masu ciwon ƙoda, domin gishiri na tayar da hawan jini, ya riƙe ruwa har ƙafafu su kumbura. A dubi burodin da ake jerawa a bakin titin Kano zuwa Katsina: yana cikin leda, sau da yawa ba a rubuta yawan gishirinsa ba. Mai shayi ya tsaga shi, ya shafa bota mai gishiri, ya cusa ƙwan da aka soya da magi. Kafin azahar, kaso mai yawa na rabon yini ya tafi.

Wani zai ce ai gero ya fi farar fulawa fosforas. Haka ne, amma mafi yawansa a ɗaure yake cikin sinadarin faitet, hanjin mutum bai cika tsotsar fiye da rabinsa ba, surfe da wanki kuma suna rage shi. Fotasiyam kuwa ba abin wasa ba ne, yawansa na iya tsayar da zuciya. Sai dai ba kowane majinyaci ne nasa ke hawa ba, gwajin jini ne ke nunawa, kuma a kansa ya kamata likita ya yanke hukunci.

Sukar da ta fi nauyi ita ce tuwon ma da miya ake cin sa, miyar kuwa ga magi ga kanwa, wadda akasarinta sinadarai ne masu sodiyam, irin wanda ke cikin gishiri. Na yarda. Amma tukunyar miya tana hannun uwargida: za ta iya rage magi, ta bar kanwa, ta ƙara daddawa da citta, ta ɗebi ta majinyaci kafin ta sa gishiri. Na burodi an riga an gasa shi a ciki tun daga gidan gashi.