Sukuwa

sukuwa (sn., mc.) 1. Gudun doki na ƙarshen ƙarfinsa, bayan mahayi ya sakar masa linzami: Ya zo a sukwane. 2. Tseren dawaki, inda ake auna nauyin mahayi da sirdinsa, a ƙara wa gwanin doki kaya don kada tazara ta yi yawa. Masana sukuwa kan duba shekarun doki, nisan fage da taurin ƙasa, domin wanda ya yi fice a busasshen fili yakan gaza idan ruwa ya sauka. 3. Filin sukuwa: fagen tsere, kamar na Kaduna, inda aka yi wa Sarauniyar Ingila hawan daba a 1956, wanda yanzu shi ne Dandalin Murtala.