Gawo da Doka a Ƙasar Maraɗi

Ana ba da labarin cewa a ƙarni na 19 Sarkin Damagaram ya hana saran gawo, ya ɗora horo mai tsanani kan duk wanda ya keta. Yana da hujjarsa: gawo kan zubar da ganye da damina, gero ya samu rana da taki a gindinsa, da rani kuma ya yi kore shar, 'ya'yansa su riƙe bisashe. Sai dai tarihin kudancin Nijar ya nuna cewa tsoron hukuma kaɗai ba ya raya itace a gonar talaka. Abin da ke raya shi, manomi ya tabbata nasa ne.

Dokar daji da Faransa ta kafa a 1935 ta sa itatuwa a hannun hukuma. Nijar ta gaje ta, ta ƙara ɗaure ta da dokar 1974, wadda ta jera itatuwan da ba a taɓawa sai da izini, har da gawo. Niyyar mai kyau ce, amma a dubi abin da ta haifar a gona. Mutum ya ga toho, ya san in ya girma zai jawo masa ma'aikacin gandun daji da tara ranar da ya sari reshe ɗaya, sai ya kai masa fartanya tun yana ƙarami. Ga malaman gona kuma suna koyar da share gona ƙarƙaf. Farin 1984 ya tarar da ƙasa tsirara, iska na binne shuka da rairayi.

A 1983 ne Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya mai aikin gona a Maraɗi, ya lura cewa kututturan kalgo da sabara suna da rai. A zaɓi toho kaɗan masu ƙarfi, a rage sauran, shi ke nan sassaben zamani. Dabarar ta yaɗu ne da ma'aikata suka sassauta tara, sannan dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 suka ƙara wa manomi iko. Masu bincike sun ƙiyasta an farfaɗo da hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200 a yankunan Maraɗi da Damagaram.

Wani zai ce ai ruwa ne ya dawo. Ya dawo, amma kututturan nan dama suna toho kowace shekara, ana sare su. Hannun mai gatari ne ya sauya. Wani kuma ya ce in hukuma ta janye, ɓarayin itace za su ci karensu babu babbaka. Wannan ƙorafi yana da nauyi, satar dare ta karya gwiwar manoma da yawa. Mutanen Ɗan Saga da ke ƙasar Agye sun amsa shi da kwamitin gari, da mata da makiyaya a ciki, suna sintiri suna cin tarar wanda aka kama. Wannan ma doka ce, kuma ta fi ta 1935 da ta 1974 tsare itace.