Gizago da Ƙirya: Yadda Sassaƙa Ta Rayu a Ƙasar Agiye

A gidan masassaƙa na buɗe ido, a ƙasar Agiye. Kakana yakan ce a zamaninsa ba a yini ana neman icce. Ƙirya ce ta turmi da taɓarya, danya ta akushi, aduwa ta allo da ƙotar fartanya. Da kaka ta yi, sai a sari gungume, a fafe cikinsa da gizago tun yana ɗanye, a ajiye shi a inuwa don kada ya tsage. Amarya ba ta tarewa sai da turmi da kujerar mata, shi ya sa kasuwannin Gazawa da Cadawa da Gidan Rumji ba sa ci babu mu.

Noman gyaɗa ya fara cinye daji, kowa na faɗaɗa gona yana tumɓuke kututture. Farin 1973 da na 1984 suka ƙarasa abin da ya rage. Doka ta hana saran manyan itatuwa sai da takardar ma'aikatan gandun daji. A kasuwa kuma kwanon sha da roba suka ture akushi, injin niƙa ya rage wa turmi aiki. Na ga mahaifina ya yi tafiyar kwana biyu a amalanke saboda gungume ɗaya, ya dawo yana shafa shi kamar jariri. Sa'o'ina da yawa suka rataye gizago suka tafi cin rani Najeriya.

Sauƙi ya zo ne daga gona. Tun 1983 Tony Rinaudo da manoman Maradi suka soma abin da muke kira sassaben zamani: a bar tohon kututture, a rage masa rassa, ya girma tare da hatsi. Ƙauyen Ɗan Saga ya yi suna a wannan aiki. Gawo da kalgo da sabara suka dawo, ƙota da muciya suka samu.

Amma ƙirya ba ta gaggawa. Wanda ya bar ta yau, jikansa ne zai sassaƙa turmi da ita, ga maƙera na son gawayinta. Manomi ɗan'uwana, in ka ga tohon ƙirya a gonarka, ka janye gatarinka. Masassaƙi kuma, kowane icce ka sara, ka reni wani a madadinsa.