Bayani Kan Kwangilar Gina Gida: Jagora Ga Jama'ar Jega, Aliero da Maiyama

Tun bayan kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero a shekarar 2006, gine-ginen gidajen zama da ɗakunan haya sun ƙaru a wannan yanki. Manoma da 'yan kasuwa da dama kan zuba kuɗin albasa ko na shinkafa a gini. Sai dai sau da yawa aiki kan tsaya a linta, mai gida da magini su ƙare a gaban hakimi ko alƙali. Galibin irin wannan saɓani na tasowa ne daga rashin fayyace abu guda tun farko: idan kaya suka yi tsada, wa zai ɗauki asarar?

Ire-iren yarjejeniya

1. Kwangilar dunƙule: Ɗan kwangila zai yanke kuɗi guda, ya sayi kaya, ya gama gini, ya miƙa makulli. Malaman fiƙihu na kiran irin wannan ciniki istisna'i. Tashin farashi a wuyansa yake, don haka yakan tsuga kuɗi, marar amana kuma ya rage siminti.

2. Jinga: Mai gida ke sayen kaya, a yi cinikin kuɗin aiki kawai da birkila ko kafinta. Tsadar kaya a kan mai gida take, haka nan tsaronsu.

3. Biyan yini: Ya dace da ƙananan gyare-gyare, amma a babban aiki yakan jawo jan ƙafa.

4. Kuɗin kaya da lada a kai: Ana biyan magini abin da ya kashe tare da wani kaso. Kada a shiga wannan sai da rasit na kowane saye.

Mun ga muhimmancin wannan zaɓi bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, lokacin da kuɗin dako ya tashi, kana buhun siminti mai kilo 50 ya haura Naira 10,000 a wurare da dama a farkon 2024.

Abubuwan da za a rubuta

Muna shawartar jama'a da kada su dogara da yarjejeniyar baka, ko da magini ɗan'uwa ne. Takarda ta ƙunshi yawan ɗakuna da girmansu, bulo mai inci 9 ko inci 6, adadin bulon da za a buga da buhu ɗaya, kaurin rodi, irin kwanon rufi, da ranar kammalawa. A bayyana wanda zai biya kuɗin ruwa da tifar yashi. Duk wani ƙari da aka yi daga baya, a yanke kuɗinsa a rubuce kafin a taɓa shi. Shaidu biyu su sa hannu, kowane ɓangare ya riƙe kwafi.

Tsarin biya

Kada kafin alƙalami ya yi yawa. A biya bisa mataki: harsashi, linta, rufi, sannan filasta da ƙofofi. A riƙe kashi 5 cikin 100 na tsawon wata shida, ko har damina ta gwada rufin. Misali, a aikin Naira miliyan 4, abin riƙewa Naira 200,000 ne. A kuma ware kashi 10 cikin 100 na kasafi domin abin da ba a zata ba. Masu gini kusa da gulbin Zamfara a Jega su tanadi kuɗin ɗaga harsashi, bisa darasin ambaliyar 2020.

Batun fili

A ƙarƙashin dokar amfani da ƙasa ta 1978, gwamna ke ba da izinin mallakar fili a birane, ƙaramar hukuma kuma tana da ikon ba da na gargajiya a karkara. A tabbatar da takardu da iyakoki kafin a haƙa harsashi.

Muna kira ga hakimai, masu unguwanni da jami'an sashen ayyuka na ƙananan hukumomin uku da su wayar da kan jama'a, su kuma taimaka wa waɗanda ba su iya karatu ba wajen duba takarda kafin su dangwala yatsa.