Labarin Furen Okid Da Masu Renonsa

Mu mutanen ƙasar Sakkwato, in an ce lambu, abin da ke faɗo mana a rai shi ne albasa da tumatir da tattasai, irin waɗanda a ke nomawa da rani a fadamar Wamakko. In ka nuna wa mai lambu wani tsiro, tambayarsa biyu ce: ana ci, ko kuwa magani ne? To, 'yan makaranta, ga labarin wani fure wanda waɗansu mutane suka ɓad da dukiya a kansa don kallo kawai. Sunansa okid.

Danginsa suna da yawa ƙwarai, masana sun ƙidaya wajen iri 28,000. Waɗansu a ƙasa su ke tsira, amma da yawa bisa itatuwa su ke zama kamar kauci. Bambancinsu da kauci kuwa, ba su shan ruwan jikin itacen, masauki kaɗai su ke nema.

Wajen 1818 aka kai wani iri Ingila daga Brazil, wani attajiri, William Cattley, ya rene shi har ya yi fure. Da masu sarauta da attajirai suka ga kyansa sai kowa ya ce shi ma sai ya mallaka. Aka shiga gina ɗakunan gilashi, ana aika mutane ƙasashe masu zafi su nemo sababbin iri.

Har ƙasarmu ta shiga cikin labarin. A 1841 Ingilishi suka aiko jiragen ruwa uku su hau Kwara. Cikin matafiyan akwai Samuel Ajayi Crowther, da J. F. Schön wanda daga baya ya wallafa littattafai a kan harshen Hausa, da wani ma'aikacin lambu, John Ansell. Zazzaɓi ya kashe da yawa daga cikinsu, sauran suka koma tsibirin Fernando Po, wanda yanzu a ke kira Bioko. Can ne Ansell ya ga wani okid bisa itacen kwakwar manja, furensa rawaya da ɗigo-ɗigo kamar fatar damisa. A 1844 masani John Lindley ya raɗa masa suna Ansellia africana don tunawa da shi.

Amma fa Hausawa sun riga sun san wannan tsiro. Yana cikin waɗanda mu ke kira manta-uwa, watau abin da a kan ba yaro lokacin yaye don ya bar kukan uwa tasa. Likita Dalziel, wanda ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916, ya rubuta wannan suna.

To, ita wannan sha'awa da ɓarna ta soma. A lokacin ba wanda ya iya tsirar da okid daga iri yadda ya kamata, saboda haka duk mai so sai a cirar masa daga daji. A Kolombiya har sare manyan itatuwa a ke yi don a kai ga furen da ke bisansu. Da yawa su kan ruɓe cikin jirgi, waɗanda suka isa kuma a kulle su cikin ɗaki mai tsananin zafi, ba iska, su mutu. Da ƙaranci ya zo sai tsada ta biyo: a 1906 an sayi tushe guda a gwanjo a London fiye da fam 1,000.

Abin da ya gagara shi ne irin. Ƙanana ne kamar ƙura, kwanso ɗaya ya kan ɗauki dubbai, amma ba su da guzurin abinci a ciki irin na ƙwayar gero ko wake. A 1899 wani Bafaranshe, Noël Bernard, ya gane irin ba ya tsira a daji sai wata irin fumfuna ta shiga jikinsa ta ciyad da shi. Sa'an nan a 1922 Lewis Knudson na Amurka ya nuna ana iya tsirar da shi cikin kwalba mai tsabta, bisa wani abu mai kauri kamar koko wanda aka sa wa sukari da sinadarai. Daga nan kwanso ɗaya ya zama gona guda. Sannu a hankali kuɗinsa ya faɗi, har malamin makaranta ya iya ajiye nasa a taga.

Nuni shi ma ya sami tsari. A 1889 babbar ƙungiyar masu lambu ta Ingila ta kafa kwamitin alƙalai na okid, su ke duba siffa da launi da lafiyar tsiro kafin su ba da lamba. Tun 1856 kuwa John Dominy ya riga ya sami fure daga barbarar iri biyu, saboda haka gasa ta koma ta gwanintar hannu. A 1975 yarjejeniyar duniya mai suna CITES ta fara aiki, ta sa wa cinikin okid na daji takunkumi tsakanin ƙasashe.

Duk da haka manta-uwa ba ta tsira ba tukuna. Tana cikin jerin tsirran da a ke tsoron ƙarewarsu, domin masu magani da masu sayar da furanni suna cire ta, itatuwan da ta ke zama a kai kuma ana sarewa. In kun gan ta a daji, ku dube ta, ku zana, ku tambayi tsofaffi sunanta da amfaninta ku rubuta, ku bar ta inda ta ke. Wanda ya ke so ya gwada reno ya nemi dashe wurin masu lambu, ya sa a tukunya mai huji da gawayi da ɓawon itace maimakon ƙasa, ya rataye a inuwa, ya riƙa yayyafa ruwa, balle da hunturu. Manomin albasa na Wamakko ba ya cin irinsa duka, ya kan bar na baɗi. Allah ya sa mu yi koyi da shi, amin.