Juya Aikatau Mai Bin Ƙa'ida na Ingilishi a Ajin Masu Hausa da Kanuri: Nazarin Kwatanci daga Ajilari, Maiduguri

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta yadda Ingilishi da Hausa da Kanuri ke nuna lokaci a jikin aikatau. Matsayarta ita ce, wahalar da ɗalibin Ajilari ke sha da aikatau mai bin ƙa'ida ta samo asali ne daga gurbin da alamar lokaci ke zama da kuma tsarin gaɓa, don haka haddar jadawali kaɗai ba za ta magance ta ba.

Gabatarwa

Ajilari unguwa ce a Maiduguri, maƙwabciyar Gomari da Bulumkutu. Kanuri ne harshen gidaje da yawa, Hausa kuwa ita ce ta kasuwa da titi. Rikicin da ya ɓarke a 2009 ya koro iyalai daga ƙananan hukumomi zuwa birnin, kuma a Maris 2014 gwamnatin Borno ta rufe makarantun sakandare, karatun yara da dama ya yanke. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi koyarwa da harshen uwa ko na yankin a matakin farko na firamare, sannan Ingilishi ya karɓa. Yaron Ajilari yakan iso ga Ingilishi da harshe biyu a baki. An ɗora nazarin a kan ra'in kwatanta harsuna na Lado (1957), tare da kiyaye gargaɗin Corder (1967) cewa kuskuren mai koyo shaida ce ta tsarin da yake ginawa a kansa.

Gurbin alamar lokaci

Aikatau mai bin ƙa'ida a Ingilishi siga huɗu gare shi: walk, walks, walked, walking. Sauran lokuta duk da mataimaka ake gina su, irin su will da have da be. A Hausa, kamar yadda Galadanci (1976) da Newman (2000) suka bayyana, lamirin da ke gaban aikatau ne ke ɗauke da lokaci: na dafa, zan dafa, nakan dafa, in dafa. Kalmar dafa ba ta motsa ba. Gaskiya ne ƙarshen aikatau na Hausa yana sauyawa, domin ana cewa na saya, na sayi goro, na saye shi, amma karɓau ne ya jawo wannan sauyi, babu ruwan lokaci. Saboda haka kunnen Bahaushe ya saba neman lokaci kafin aikatau. Idan yaro ya rubuta yesterday I walk, a wurinsa magana ta cika, tunda yesterday ta riga ta faɗi lokacin.

Kanuri ya sha bamban. Aikatau ne ke zuwa ƙarshen jimla, kuma ɗafa-ƙeya ke nuna mai aiki da lokaci, kamar a lengin da lengəna. Lukas (1937) da Hutchison (1981) sun yi bayanin wannan tsari. Yaron da ya tashi da Kanuri ya san cewa ƙarshen kalma na iya ɗaukar lokaci. A ganina babban rashi ne malami ya ɗauki ajin Ajilari tamkar kowa matsalarsa ɗaya, alhali a benci guda akwai wanda zai iya fahimtar da ɗan'uwansa.

Abin da kunne ba ya kamawa

Nan ne gizo ke saƙa. Ɗafa-ƙeyar -ed furuci uku gare ta: t a walked, d a played, da cikakkiyar gaɓa a wanted. Gaɓar Hausa ba ta farawa ko ƙarewa da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa kalmomin aro irin su firamare da buroshi suka samu ƙarin wasula. To walked da kt take ƙarewa, jumped da mpt, asked da skt. Malami ya rubuta walk da walked a allo, ya faɗa, aji ya amsa baki ɗaya, sai kalmomin biyu su fito da sauti guda. Yaron bai taɓa jin bambancin da za a ci shi a kansa a jarabawar WAEC ko NECO ba. Wani kuma ya bi rubutu ya furta "wokid", yana kwaikwayon wanted.

Akwai kuma inda ma'ana ba ta daidaita ba. Shuɗaɗɗen lokaci na Hausa kammaluwar aiki yake nunawa, don haka na gama ta ƙunshi I finished da I have finished. Lokaci mai ci ba ya sauya siga idan an koma baya: jiya ina aiki ya shigo. Daga nan yesterday I am working ta fito.

Umarni da korewa

Umarni ba shi da wuya, Ingilishi tsurar aikatau yake amfani da ita. Sigar fata ko buƙata, wadda Hausa ke amfani da ita dare da rana a Allah ya kiyaye ko ina so ya zo, ta kusa ɓacewa a Ingilishi, sai a irin I insist that he walk. Kuskuren did not walked kuwa alamar ci gaba ne: yaro ya gano -ed, sai ya sanya lokaci sau biyu. Hausa ce maganinsa, domin a ban dafa ba aikatau bai sauya ba, kamar yadda walk ba ta sauyawa bayan did.

Tsarin koyarwa

Ya fi dacewa a fara da inda harsunan suka haɗu. Zan dafa ta yi daidai da I will cook, ina dafawa kuma da I am cooking, har ɗafa-ƙeyar -wa tana tsaye a gurbin -ing. Idan an zo kan -ed, a soma da wanted da needed da counted, inda gaɓar ke fitowa fili, a bi da played da prayed masu ƙarewa da baƙi ɗaya. Walked da asked su zo daga baya, kuma a cikin jimlar da wasali ke biye da su, irin walked away da asked us, domin a nan ne t ke jingina da gaɓa ta gaba har yaro ya ji ta.